Faifan da Inna ke Rufe Furarta

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Wancan" take ce mini, har yau da furfura ta fara leƙowa a gemuna. Na san kunya ce, kowa a garinmu Kona ya sani. Sanin bai hana ni jin zafi ba, balle in na ga yadda take lallaɓa autanmu.

Autan nan malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Mayahi. Wani hutu ya zo mana da sabon salo. Ya sa hotonsa a waya, ta mai da fuskarsa ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, kowane da launinsa, ya ɗora a gurup ɗin dangi. Aka yi ta yabo kamar ya gina masallaci. Inna, da yake saƙar faifai ce sana'arta, ta karɓi wayar tana bin gidajen da farce. Kwana goma ta saƙa shi da rinanniyar kaba, jar hularsa da wushiryarsa, ta rataye a bangon da duk mai shigowa zai gani.

Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Na ce wa matata aikin banza ne mutum ya farfasa fuskar da Allah ya ba shi. Washegari kuwa na sa shuɗiyar hulata, na hau babur har Tasawa, don kada in roƙi auta. Wani mai gyaran waya ya yi mini nawa a wayar matata, har da kunnena na dama da ya fi ɗan'uwansa fitowa.

Na tarar da Inna tana tsintar wake, na miƙa mata wayar. Ko kai ba ta ɗaga sosai ba.

"Mi ne ne wanga? Ni ban ga mutum ba."

Mako biyu ina gaishe ta daga bakin ƙofa, ba na shiga, don kada in haɗa ido da wushiryar nan ta bango.

Ran nan na shiga ɗakinta neman gatari, ta tafi barkar suna. A bayan gado na ga ƙwaryar furarta rufe da sabon faifai. Shuɗiyar hula ce saƙe a jikinsa, da kunne guda a waje. Daga baya matata ta gaya mini kwana uku a jere Inna na aron wayarta.

Ina riƙe da faifan ta shigo. Na tambaye ta ko wane ne wannan.

"Zane ne kawai," ta ce, tana kallon bango. "Maida mini abina, kada ƙuda su faɗa."

Na auta yana nan a rataye, ba mai taɓa shi. Nawa kuwa gefensa har ya sule.