Tunkiyar da Ta Ƙi Bin Lissafi

Shekarar da na gama kwalejin malamai a Sakkwato na koma gida Goronyo, ji nake kamar domina aka ƙirƙiri lissafi. Ko albasa aka zube a tsakar gida sai na yi wa mutane bayani.

A lokacin kakarmu ta rasu ta bar tunkiya ɗaya, fara mai baƙin kai, tana da ciki. Inna ta ce tata ce, don ita ta yi ta ba ta dusa shekara biyu. Ƙanenta, Kawu, wanda ke noma a Kagara, ya ce tsohuwa ta yi masa alkawarinta tun yana saurayi, lokacin da ko kakar tunkiyar ba a haifa ba.

Da gardama ta yi tsawo, sai mai ilimin gida ya miƙe. Na ce a bar wa ciki hukunci. In ta haifi namiji, Kawu ya tafi da uwa da ɗa. In mace, su zauna wurin Inna. Na ɗauki tsinke na zana musu a ƙasa: yiwuwar namiji rabi, yiwuwar mace rabi. Abubuwa biyu ne da ba sa faruwa tare, don haka haɗawa ake yi, rabi da rabi ɗaya cif. Babu ko ƙofar da rigima za ta shigo.

Inna ta dubi zanen ta ce, "To mi ad da shi, tunda boko ya hwaɗi?" Kawu ma ya yarda, ya shafa kaina kamar ya gane.

Wani tsohon Bafulatani da ke kai dabbobin unguwarmu kiwo yana gefe yana shan fura. Ya dubi cikin tunkiyar, ya dube ni, ya ci gaba da shan furarsa. Ba wanda ya tambaye shi. Ina za a tambayi makiyayi ga mai takardar shaida a zaune?

Ran wata Lahadi da hantsi ta haihu. Biyu: ɗan rago da 'yar tunkiya. Kafin azahar Kawu ya iso bisa babur da igiya sabuwa. Ya ce namiji ya zo, uwa tasa ce. Inna ta tare ƙofar garke ta ce mace ma ta zo, sai dai ya bi ta kanta. Duka suka juyo wurina. Na fara bayanin cewa tagwaye ba sa cikin tambayar, Inna ta katse ni.

"Kai kac ce ba su haɗuwa. To ga su nan suna shan nono tare."

Da yamma tsohon ya zo, ya ce tun ranar nan ya ga biyu ne, cikin ya faɗa gefe-gefe. Baba ya tambaye shi don mi bai faɗa ba. Ya ce ya ga ana rubutu, bai so ya ɓata.

Baba ne ya raba gardamar. Ɗan ragon na Kawu, macen ta Inna, uwar kuma ta yi damina a Kagara, rani a Goronyo. Jigilarta aka ɗora wa wanda ya kawo shawarar.

Shekara uku na yi ina ɗaure ta a bayan babur, tana yi mini fitsari a riga, ɗalibaina na gaishe ni a bakin kasuwa da ladabi na musamman. A ta huɗu Kawu ya yi layya da ita, ya aiko wa Inna cinya.