Matar da Ke Ɗaure da Ganye

Mama Hulda ta tsufa tana jagorancin zumuntar matan coci a Zonkwa, ba a taɓa ganinta babu ɗankwali ba. Bara ma'aikatan gidan tarihi suka kawo tsofaffin hotuna harabar coci, suna neman sunayen mutanen da ke ciki. A wani hoton akwai wata mata ɗaure da ganye kawai, tana dakan acca. 'Yan mata suka fara dariya.

Hulda ta gane tabon ƙunar da ke hannun matar. In ta yi shiru za ta tsira da mutuncinta, amma ba sauran mai rai da ya san sunan sai ita.

"Ɗana, rubuta," ta ce wa ma'aikacin. "Kasham ke nan, uwata. Da accar nan ta raine mu."