Gawayin da Ake Ci

Shekarar da 'yata ta cika huɗu, muna zaune a wani bene a Hyattsville, ƙofarmu tana kallon ta wata dattijuwa 'yar asalin Italiya. Kaka muke ce mata, ni da yarinyar duka. Wata Asabar cikin Disamba ta leƙo da hantsi, ta ce mutanen ƙasarsu sun kafa kasuwar Kirsimeti a wani fili cikin Washington, mu zo mu raka ta. Na fara jero uzuri: ga wanki, ga sanyi, maigida yana wurin aiki. Ban kai ƙarshe ba 'yata ta fito da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Magana ta ƙare.

A cikin jirgin ƙasa na ja mata kunne da Hausa: "Kada ki kai komai baki sai mun tabbatar babu naman alade a ciki. Kin ji ko?" Ta amsa da Turanci, kamar kullum, cewa ta ji.

Ashe aiki na ba ta. Kasuwar rumfunan katako ce a jere, ko'ina hayaƙi da ƙamshi, ita kuwa duk rumfar da muka tsaya sai ta yi ɗage ta tambayi mai kaya ko akwai alade. Ta tambayi mai burodin zabibi, ta tambayi mai cuku. Har mai sayar da safa bai tsira ba. Bawan Allah ya dafa ƙirji ya rantse mata safarsa ulu ce zalla.

Wani dattijo yana gasa wasu 'ya'yan itace masu ɓawo a kasko mai huji-huji. Kaka ta saya mana, ta ɓare mini ɗaya da zafinsa. Ɗanɗanonsa tsakanin gurjiya da dankalin Hausa. Na ci shida a tsaye, ni da na ce ba zan zo ba.

Muna nan sai yara suka ruga wuri guda. Wata mata ce ta yi shigar tsohuwa, da dogon hanci na roba, da tsohon kallabi, tsintsiya a hannu, buhu a kafaɗa. Kaka ta bayyana mini cewa a al'adarsu, bayan sabuwar shekara wannan tsohuwa take bi gida-gida. Yaro mai jin magana ta bar masa alewa, mai ƙiriniya kuwa gawayi.

Da layi ya zo kanmu, tsohuwar ta sunkuya ta ce, "To 'yar yarinya, alewa ko gawayi?"

'Yata ta leƙa buhun ta ce, "Gawayi."

Tsohuwar ta yi turus. Ta ce tun da take wannan aiki ba ta taɓa ganin wanda ya roƙi gawayi da bakinsa ba. Wane laifi ta yi haka?

"Ba ni ba ce, Mamana ce," in ji 'yata da ƙarfi. Duk wanda ke wurin ya juyo ya dube ni. Sai da aka gama dariya ta ƙarasa: "Kullum tana cewa gawayin ƙasar nan ba ya kama turaren wuta."

Na rasa inda zan sa fuskata, amma gaskiya ta faɗa. Tsohuwar ta cika mata tafin hannu biyu, ita kuma ta miƙo mini tana taƙama, ta ce in adana.

Kaka ta riƙe ciki don dariya tana share hawaye. Da ta samu numfashi ta ɗauki guda ta miƙa wa 'yata ta ce, "Lasa ki ji." Sukari ne aka rina baƙi. 'Yata ta lasa, ta sake lasa. Sannan ta buɗe aljihun rigar sanyinta ta ce in mayar mata da kayanta, wannan ba zai yi mini amfani ba.

Da leɓe baƙi ƙirin muka dawo gida, babanta ya tare mu yana salati.

Mako guda cur bayan nan, kullum da yamma sai ta tsallaka wurin Kaka ta kai ƙarar kanta. Ranar da na laɓe na saurara, ji na yi tana cewa, "Yau na ƙi cin tuwo, kuma na zana bango. Ki gaya wa tsohuwar nan, kada ta manta."