Ƙuda a Gilashin Mai Hoto

Ni ce nake sayar wa mai hoton kasuwar Sassumbrum nono, kuma ba sha yake yi ba. A gilashi yake shafawa.

Shagonsa yana daura da inda muke jera ƙoren nono. Gaban shagon gilashi ne da ya kai tsayin mutum, da rumfar kwano a kansa don kada rana ta buga, ƙofa kuma baƙin labule. Ranar kasuwa da sassafe yakan zo ya sayi tsala, wadda aka kaɗe manta sarai, ya sa soso ya shafe gilashin ta ciki, ya bari ta bushe. Gilashin ya yi fari-fari kamar ido mai yana. Sai ya kunna wani ɗan majigi mai cin batir a kan tebur, haske ya taho daga baya ya faɗa kan nonon, sai ga mutum tsaye a gilashi, fuskarsa ta fi faifai. In babu nono hasken wucewa yake ya zube a ƙasa, na gani ran da ya gwada. Ya ce a birni wata leda ake liƙawa, amma tsalata ta fi ta kamawa. Har daɗi na ji a lokacin. Allah ya yafe min wautata.

Maigidana yana Libiya wurin aiki. Ya tafi ina da ciki, bai taɓa ganin yaron ba. Da yaron ya kai wata bakwai na shiga shagon nan da shi, a ɗauke shi a tura wa ubansa a salula. Mai hoton ya ce in cire masa hula da riga, uban ya ga ƙoshinsa. Na cire. Har layar wuyansa ya matsar baya, wai tana ɓata hoto.

Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane, ba ta buɗe baki ta ce nata ne. In muna ɗaka mu biyu har ƙafarsa nake sansana. A waje kuwa goyo ne kawai, na lulluɓe shi da zane, na ɗiga masa kwalli a goshi saboda bakin mutane.

Kasuwa ta zagayo. Ina auna wa wata nono na ji an ce, "Kai, wannan yaro ya sha mama!" Na ɗaga ido. Ga shi nan a gilashi, ba riga ba hula, ya fi ɗan maraƙi girma, yana dariya da haƙoransa biyu. Mutane sun tsaya. Wata ta ce dubi cinyoyi. Wani ya ce kamar ɗan Larabawa. Na kasa kunne in ji wanda zai ce tubarkalla. Ko ɗaya. A kan nonona aka baje shi, wanda na kaɗa da hannuna.

Na bar wa Goggo ƙwaryata, ita ce babba a cikin masu nono, na tsallaka. Mazan ƙauyenmu suna zaune a bakin shagon suna shan shayi, har da ƙanen surukina. Na rage murya.

"Malam, don Allah a cire wancan."

"Wanne, ƴar Fulani? Hotuna sun yi yawa."

"Na yaron."

"Wane yaro? Na wa?" Ya ɗaga murya yana kallon mazan. "Faɗi sunansa in nemo shi a na'ura. Ko kuwa naki ne?"

Suka kwashe da dariya. Ya san ba zan iya ba, a ƙasar nan aka haife shi. Na ja mayafi na koma.

Kwana uku jikin yaron ya ɗau zafi. Ya ƙi mama, yana amai, idonsa ya faɗa. Na goya shi a ƙafa har likita. Matar da ta duba shi ta ce zazzaɓin sauro ne, damina ce, ta ba mu magani. Ban musa mata ba. Amma sauron nan yana nan tun farkon ruwa, me ya sa sai da kasuwa guda ta zuba masa ido? Kasuwa biyu ban je ba, ina zaune da shi a cinya ina kallon numfashinsa. Da ya soma karɓar kunu Goggo ta leƙo duba shi. Na tambaye ta. Ta ce hoton yana nan a gilashin, har ya zama abin jawo masu jego.

Ranar ban yi kuka ba. Na zauna ina tuna duk abin da na ga mutumin nan yana yi da nonona. Yana duba kauri. Yana murza shi a yatsa ko da saura mai. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba: bai taɓa kai shi baki ba.

Surukina yana da amyar zuma a kan gawo, akwai sauran zuma a gora. Na narka ta da ruwan ɗumi na dama a tsalar mai hoto, a ƙwarya daban. Goggo ta ce ranar kasuwa mai zuwa za a nuna wani babban dillalin shanu da ya dawo daga Makka, shi da kansa ya sa a baje hotonsa kowa ya gani. Na ce madalla, Allah ya kai mu.

Ranar kasuwar mai hoton ya zo da sassafe. "Ƴar Fulani, an daina fushi? Yaya wancan da ba shi da suna?"

"Lafiya lau," na ce, na miƙa masa.

Da hantsi ya leƙo yana cewa yau nonon ya ƙi bushewa. Goggo ta ce masa damina ce, malam.

Kafin azahar Alhaji ya hau gilashi, da rawani, yana murmushi haƙorin Makka a waje. Alhajin kansa yana tsaye da mutanensa. Sai ɗigo baƙi ya sauka a hancin hoton. Sai biyar. Duk wanda ya ɗaga labule sai ƙudajen layin mahauta su bi shi. Suka rufe bakin hoton, suka rufe ido. Ƙudan da ya gitta gaban majigin inuwarsa ta kai ungulu. Can sai ga ƙudan zuma.

"Alhaji ya zama tumbin sa!" in ji wani mahauci.

Kasuwa ta ɗauka. Mai hoton yana ciki yana kaɗa tsumma, yana goge rabin fuskar Alhaji da kansa, har zuma ta harbe shi a leɓe. Alhaji ya kama wuyan rigarsa ya fito da shi, ya ce ko ya wanke gilashin nan yanzu ko ya sa sanda a ciki. Ni ina zaune ina auna nono. Ludayina ko karkata bai yi ba.

Da ya wanke, ya zo layinmu da kumburarren baki, yana neman sabuwar tsala. Goggo ta ce tata an saye. Ta kusa da ita ta ce haka, har ƙarshen layi, ƙore cike a gabansu. Ya dawo ya tsuguna gabana.

"Baiwar Allah, zan cire yaronki."

"Wane yaro?" na ce. "Na wa?"

Mata suka yi shewa. Goggo ta tashi ta bi shi shagon, ta tsaya a kansa har ya goge hoton daga na'ura, ta sa ya nuna mata sau biyu cewa babu. Nonon kuwa duk da haka ban sayar masa ba.

Yanzu ya sayo ledar nan daga Kano ya liƙa. Yaron yana tafiya da ƙafarsa, in mun zo daidai shagon sai in ɗauke shi in rufa masa zane. Mai hoton yakan gaishe ni. Ina amsawa, saboda sallama ta Allah ce. Sauran zumar tana nan a gora, ban bari kowa ya taɓa ba.