Fasinjar Thongbai ta Ƙarshe

Tun yana saurayi Thongbai yake tuƙa keke mai ƙafa uku a birnin Chiang Mai, irin wanda ake murzawa da ƙarfin gwiwa, fasinja na zaune a baya ƙarƙashin 'yar rumfa. Abokan sana'arsa duk sun watse. Wasu sun mutu, wasu 'ya'yansu sun ƙwace keken sun jingine. Shi kuwa yana nan daram a bakin babbar kasuwa, tsakanin mai gasa kaza da mai daka ɗanyar gwanda a turmi, yana hararar duk abin da ke da inji.

Fasinja ɗaya tak ta rage masa ta kullum: Bunruen, mai kitsa furanni a zare. Da safe ya ɗauko ta daga tsallaken kogin Ping da kwandunanta, da yamma ya mayar da ita. Kafin ta sauka sai ta rataya masa zaren fure a hannun keke, don aljanar da ke tsaron ababen hawa ta ji ƙanshi ta kiyaye hanya. Ba matarsa ba ce, bai kuma taɓa cewa yana son ta ba. Amma a wurinsa, muddin Bunruen na hawa, to shi direba ne har yanzu.

Wata safiya ya je ƙofar gidanta ya tarar ta riga ta tafi. Da ya iso kasuwa sai ya hangi furen nan a jikin madubin babur ɗin Prasit, wani ɗan acaɓa mai tumbi da yawan dariya. Kishi ya turnuƙe shi. Ranar ko taliyarsa bai iya ci ba. Ya wuni yana ƙare wa babur ɗin kallo yana nemo masa aibu, abin haushi kuma bai samu ba.

Da yamma ya gangara rumfarta.

"Yaya Thongbai, ka ci abinci kuwa?" in ji Bunruen.

"Tambayi mai madubi. Ashe da tsufanki kin fara son gudu."

"Ji tsohon nan. Wa ya ce maka gudu nake so?" Ta ajiye zaren da ke hannunta. "Numfashinka nake ji a kan gada, kamar ana zuga wuta a maƙera. Ni na yi ƙiba, kai ka tsufa. In ka faɗi, me zan ce wa 'yarka?"

Da ma cewa ta yi Prasit ya fi shi, da ya fi masa sauƙi. Tausayin nan shi ya fi ƙona masa rai.

"Hau," ya ce.

Ta dube shi, ta kwashi kwandunanta ta hau. Suka ratsa masu kifi da masu mangwaro, yana ta kaɗa ƙararrawa don Prasit ya gani. A hawan gada ya miƙe tsaye a kan feda, ƙirjinsa na zafi. Ana tsakiyar hawa keken ya tsaya cak, ya fara ja da baya. Can sai ya ji keken ya yi sakayau, yana tafiya gaba. Ya waiga. Bunruen ce ta sauka tana turawa da hannu biyu, kanta a sunkuye don kada su haɗa ido.

Da suka kai saman gadar ya tsaya har numfashinsa ya dawo.

"Gobe ki ce wa wancan mai tumbin ya bi da ke a hankali," ya ce. "Bai san bayanki na ciwo ba."