Katin Hoton da Muka Zana a Kaura

Shekarar da na gama karatun lantarki na koma Kaura Namoda ba aiki, sai ni da wani abokina ɗan Shinkafi muka shiga wata ƙungiya a intanet ta masu zana katin hoto, wato faifan da ke cikin kwamfuta mai fitar da abin da ake gani a allo. Sharaɗinsu shi ne zanen ya zama a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara yadda ya ga dama.

Tun makon farko muka saɓa. Abokina sauri yake so, don ya ga 'yan ƙwallon wasan kwamfuta suna gudu ba cijewa. Na ce masa sauri zafi yake kawowa, zafi na neman fanka, fanka kuma wuta take sha, mu kuwa da sola ɗaya muke lallaɓawa. Ya ce a ƙara wa katin ƙwaƙwalwa. Na ce to faifan zai yi hawa-hawa, ranar da ya lalace duk masu gyaran waya na kasuwa sai dai su yi masa addu'a. Turawan ƙungiyar suka ba mu shawara mu bar fanka, iskar ɗaki ta isa. Muka aika musu hoton ma'aunin zafin shagon da muke zanen a ciki a tsakiyar bazara. Suka amsa cikin ladabi cewa ma'aunin ya lalace.

Ana haka kawuna ya zo daga Zurmi, inda yake buga fastocin 'yan siyasa. Da ya ji kowa na da ikon sa baki, ya gyara zama. Yana son katin ya riƙa haska fuskar ɗan takara, ya rage masa tumbi, kuma a bar ƙofar cajin waya.

Na ce, "Kawu, kowane ƙari sai an rage wani abu."

Ya ce, "To ku rage tumbin mana. Mi ad da wuya ga wanga?"

A ƙarshe ra'ayina aka bi: kati mai tafiya a hankali, ba fanka. Masu zuba tukwanen dalma suka zuba mana ƙarfen da zai riƙa shan zafin katin, suka yi shi da kauri irin na murfin tukunyar biki. Da muka haɗa, ya ƙi shiga akwatin kwamfutar, sai da mai walda ya yanke gefe guda. Ya yi aiki kuwa. Rubutu tas, hoto tas, amma ɗan ƙwallo kan ɗaga ƙafa ya tsaya kamar yana jiran izini.

Abokina ya ɗauki zanen, kamar yadda sharaɗi ya ba shi dama, ya koma Shinkafi ya yi nasa mai fanka biyu. Nasa na gudu har sai hadari ya rufe rana. Nawa yana shagon kawu, ma'aikatansa na ɗora kofin shayi a kan dalmar don kada ya huce.