Ranar da Aka Karanta Takardar Kakana a Lyon

Na tozarta kakana a gaban zaure cike da mutane a Lyon, kuma da bakina na ce a ƙara ƙarar lasifika.

A lokacin ina wankin kwanuka a wani gidan abinci a unguwar Belleville, cikin Paris. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ko wannan wasiƙar faɗa nake ana rubutawa. Na ratsa hamada, na kwana a titin Paris cikin sanyi, ban taɓa sunkuyar da kai ga kowa ba. Abu ɗaya na taho da shi daga gida: wata takarda ɗinke cikin fata kamar laya, wadda babana ya ba ni. Labarin gidanmu shi ne, zamanin Nasara an sa garinmu ƙarƙashin sarkin kanton maƙwabtanmu, wato gundumarsu. Kakana ya ƙi. Ya tafi wurin kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, suka yi kwana goma sha biyar suna shawara, ya dawo da takarda yana cewa kumandan ya ce masa "libere". Mu kuwa muka fassara: garinmu ya samu 'yanci, ba ruwansa da wancan kanto, hassada ce ta sa aka danne maganar. Kowane yaro a gidanmu ya san libere tun kafin ya san Fatiha.

Ran Asabar 'yan garinmu kan haɗu a unguwar Barbès, ƙarƙashin gadar metiro, jirgin cikin gari. Wata shekara maganar raba kanto ta sake tasowa a gida, ta biyo mu har nan. Masu ilminmu suka ce Faransa ce ta ɗaura, ita ya kamata ta faɗi gaskiya, a rubuta wa gwamnatinta wasiƙa. Hujja kawai suka rasa. Na ce ina da ita. Daga ranar ni ake fara zuba wa shayi. Mutanen da ba su taɓa tambayar sunana ba suka koma kirana Malam. Sun roƙe ni in buɗe su gani, na ƙi. Na ce takardar kakana ba ta buɗuwa a gindin gada, sai a gaban jama'a.

Aka sa babban taro a Villeurbanne, a gefen Lyon, inda ɗalibanmu suka fi yawa. Aka gayyato 'yan wancan kanton don su ji da kunnensu, da babbansu, wani Alhaji ɗan kasuwa da ba ma ko gaisawa. Na sa babbar riga, na shiga jirgin ƙasa, hannuna a aljihu har Lyon.

Wadda za ta karanta 'yar garinmu ce, malama a jami'a, na san uwarta. Aka farke fatar da reza. Ta duba takardar, ta duba ni, ta sake duba takardar. Ta matso ta ce a hankali:

"Kawu, mu je waje in karanta maka kai kaɗai tukuna."

Na zaci an saye ta. Na ce ba ni da sirri da kowa, ta karanta da Faransanci ta juya da Hausa, kuma a ƙara ƙara don Alhaji ya ji.

Ta karanta. Takardar sallama ce daga kaso. Wane ɗan wane ya yi kwana goma sha biyar a tsare saboda jakinsa ya shiga lambun kumandan ya cinye karoti, wato karas, shi kuma ya zagi gardin da ya kama jakin, wato ɗan sandan kumandan. Yau an sake shi. Libere ke nan. A ƙasa an ƙara cewa jakin yana nan tsare.

Wani ɗalibi ya yi tari, tarin ya zama dariya, dariyar ta kama kowa. Ni ban motsa ba. Ba ta kaina nake yi ba. Babana nake gani, yadda yake gyara zama in zai ba da labarin nan.

Alhaji kaɗai bai yi dariya ba. Ya tashi ya karɓi takardar, ya tambayi malamar sunan gardin. Ta faɗa. Ya cire hula ya share zufa. Ya ce wannan kakansa ne, kuma a gidansu labarin da ake bayarwa shi ne kumandan ya ba shi lambar yabo don ya kama babban ɗan tawayen garinmu da hannunsa, bayan an yi artabu. Lambar na nan rataye a falonsa. Sai ya juyo gare ni ya ce:

"Malam, ashe jaki ne."

Na ce: "Amma ya yi turjiya, Alhaji."

Wasiƙar Faransa ba a rubuta ta ba. Aka ci shinkafa aka watse. Ni da Alhaji muka koma Paris a jirgi ɗaya, kujera kusa da kujera, wajen sauka ya ce kada maganar ta kai gida. Ta riga mu kaiwa ta waya.

Abin da na koya kaɗan ne. Nasara ya rubuta abinsa don kansa, ya tafi. Mu da ba mu iya karantawa muka cika shi da abin da muke so, muka yi shekaru muna gaba a kai. Ban zargi kakana ba. Mutum ya fito kaso, dole ya faɗa wa matansa wani abu. Laifina ne da na ƙi shawara don daɗin shayin farko. In kana da tsohuwar takarda a gida, ka sa a karanta maka a ɗaki, ƙofa a rufe. In mai ilmi ya ce ku je waje, ka bi shi.

Har yanzu ina Paris, ina wankin kwanuka. Kanto bai rabu ba. A Barbès sunana Libere, kuma ina amsawa.